Darasin direbobi: ruwa ya riga tsumma taɓa gilashi

Assalamu alaikum jama'a, direbobi ƴan uwana, ƴan kabu-kabu, da duk mai abin hawa. Barkanmu da safiya daga nan Damagaram, wato Zinder. Ga mu tsaye gaban wata mota da ta kwana a waje, kun ga dai yadda hunturu ya shafa mata hoda. Kai yaro, matso da wayar nan kusa da gilashin gaba, su gani da kyau.

To, da yawanmu me muke yi da safe? Mutum ya fito yana sauri, ya jawo tsumma daga ƙarƙashin kujera, ko ya sa bakin rawaninsa, ya goge. Wani ma ba ya sauka, sai ya kunna waifa a kan busasshen gilashi, ƙiii ƙiii, ya kama hanya. Wannan ne na zo in roƙe ku, don Allah ku bari. Ƙurar ƙasarmu ba garin gero ba ce. Akwai yashi a cikinta wanda iska ta niƙa, kuma ƙwayar yashi ta fi gilashi tauri. A ma'aunin taurin duwatsu da ke tashi daga 1 zuwa 10, yashi yana kan 7, gilashi kuwa wajen 5 da rabi ne. Ke nan in ka goge a bushe, kankare gilashinka kake yi da hannunka, kaɗan-kaɗan, kullum.

Da tsakar rana ba za ka ga zanen ba. Yana ɓoye ne sai rana ta yi ƙasa, ko fitilar wata mota ta haske ka da dare, sai kowane ɗan zane ya kama haske ya watsa maka shi a ido. Mu kuwa babbar hanyarmu, RN1, gabas da yamma ta miƙe. Wanda ya yi sammako zuwa Mirya, Gure ko Diffa, rana ce za ta tare shi. Wanda ya tashi bayan la'asar zuwa Takeita, Tasawa ko Maraɗi, ita ce dai a gabansa har ta faɗi.

Ni abin ya taɓa faruwa da ni, shi ya sa ba na wasa da maganar nan. Wata shekara, gab da magariba, na wuce Takeita da fasinja cike da mota. Gilashina ya sha gogar bushewa, rana ta bugo shi, gaba ɗaya ya zama fari fat. Ko da ganina ya dawo, amalanken jaki ne a gabana, da yara biyu a kai. Na taka birki har mota ta karkace. Allah ya kiyaye, ban taɓa su ba, amma daren nan ban yi barci ba. Ku lissafa da kanku: motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a daƙiƙa guda. Daƙiƙa biyu ba ka gani, ka yi mita 50 a makance, da rayukan mutane a bayanka.

Yanzu ga yadda ake yi. Na san wani zai ce, Malam, a Zinder kake maganar ruwa? Na sani, ni ma daga ƴan ga-ruwa nake saye in famfo ya ɗauke. Amma aikin nan bai kai bokiti ba. Ledar fiyawata biyu, wato lita guda, ta isa. Huda ledar, ka fara daga sama, ka bi gilashin daga wannan gefe zuwa wancan, ka bar ruwa ya gangaro da yashin da kansa. Hannunka bai taɓa komai ba tukuna. Kun ga jan ruwan da ke sauka? Shi ne da zai yanka gilashin.

Sannan ka ɗaga waifa. Nan ne mutane ke mantawa. Yashi yana taruwa a ƙarƙashin robar, wurin da take kwanciya. Kama ta da jiƙaƙƙen tsumma, ka ja daga tushe zuwa ƙarshe. Dubi baƙin da ya fito. Sai yanzu za ka wanke gilashin da tsumma mai laushi jiƙaƙƙe, ka bi da busasshe. Tsumma biyu ke nan, kuma na gilashi ne kaɗai, ba wanda ake duba man inji da shi ba. Ka ajiye su cikin leda a ɗaure. In ɗaya ya faɗi ƙasa, ya gama aiki sai an wanke shi.

Yaron nan yana tambaya: Maigida, a zuba omo a tankin ruwan waifa? A'a, ɗana. Garin sabulu ba ya narkewa duka, yana toshe ƴan ƙofofin da ke fesa ruwa, yana busar da roba, kuma yana barin dishi-dishi a gilashi. Zuba ruwa mai tsabta, ko ruwan wanke gilashi da ake sayarwa a gidajen mai. In ƙofar fesawa ta toshe, allura ce maganinta, da ita kuma ake juya ta har ruwa ya riƙa sauka a tsakiyar gilashi. Ruwan wasu rijiyoyi yana barin farin tabo in ya bushe. Ɗan binegar cikin ruwa yana cire shi.

Lokacin wanki ma abin lura ne. A watan Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, gilashin motar da ta wuni a rana kuwa ko taɓa shi ba a iya yi. Ka watsa masa ruwan sanyi a wannan hali, in akwai ɗan tsagi, sai ka ji tas, ya ja layi. Wanke da safe ko a inuwa. Gilashin gaba faifai biyu ne da siririyar roba manne a tsakaninsu, shi ya sa yake tsagewa ba ya tarwatsewa kamar na ƙofa. In tsakuwa ta buge shi ta bar tabo kamar ƙaramin kwabo, rufe wurin da farin salatef nan take don kada ƙura ta shiga, ka kai wa masu gyaran gilashi su cika shi tun bai yi tafiya ba. In tsagin ya ratsa gaban idon direba, canji ne kawai. Kuma a bar bin gindin manyan motoci masu ɗauke da tsakuwa, musamman a hanyar Tanut.

Robar waifa, rana ce ke kashe ta, ba ruwan sama ba. Wata takwas tana gasuwa ba aiki, sai hadarin farko ya taso a watan Yuni, da jar guguwar nan da ke riga ruwa isowa, ka kunna ta, ta dama maka taɓo a gilashi. Shafa ta da yatsa yanzu. In ta yi tauri ko ta tsattsage, canza ta kafin damina, kar ka jira ƙarfen ya fito ya zana maka baka a gilashi, don wannan zanen ba ya goguwa.

Mu shiga ciki. Cikin gilashi ma yana yin datti wanda ba ƙura ba ne: wani maiƙo ne da ke tashi daga robobin mota in sun yi zafi, ga hayaƙin taba, ga tafin hannu. Shi ne ke sa fitilu su yi maka bakan gizo da dare. Ɗan alkol na famasi a tsumma mai tsabta yana ɗauke shi. A watan Agusta kuma, in ana ruwa, tagogi a rufe, numfashin fasinja ya sa gilashi ya yi hazo, kada ka sa hannu. Kunna kilim, wato na'urar sanyaya mota, ka juya iskar zuwa gilashi, domin kilim yana tsotse laimar iska. In babu, sassauta taga kaɗan.

Madubi uku ne, kowanne da aikinsa. Na gefe, buɗe shi har sai ɗan gefen motarka kawai kake gani, sauran duk hanya. Madubin gefe mai ƙumbo, wato wanda fuskarsa ta ɗan yi tudu, yana nuna abu kamar yana nesa alhali yana kusa, ka riƙe wannan kafin ka sha gaban wani. Na ciki yana da ɗan harshe a ƙasa, in na baya ya dame ka da fitila, ja shi. Ƴan kabu-kabu, ƙannena, da ku nake: ku mayar da maduban da kuke cirewa. A cunkoson Kasuwar Dole ranar Alhamis, waiwaye ɗaya ya isa ka hau ƙafar mai talla.

Saura kyamara. Amurka ta wajabta kyamarar baya a sababbin motoci tun watan Mayun 2018, shi ya sa motocin da ake shigo mana da su yanzu da yawa suna da ita. Zagayo baya, yaro. Ga ta nan saman lamba, ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba, kuma duk ƙurar da taya ta tayar nan take sauka. Kada a murza ta da babban yatsa, don idonta ƙarami ne, zane guda ya isa ya dusashe hoton. Ɗiga mata ruwa, ka taɓa ta da gefen tsumma mai laushi. Wasu motocin suna da wata kyamarar a bayan madubin ciki, tana kallon hanya ta gilashin gaba. Kar a liƙa takarda ko hoto a gabanta, kuma in an canza gilashin, sai an sake daidaita ta da na'ura. Ta baya dai ba ta ganin yaron da ke tahowa a guje daga gefe, a lungunan Birni da Zango kuwa yara ko'ina suke, saboda haka ni sai na zagaya mota da ƙafata kafin in ja da baya.

Shiga ka sa giyar baya, ka riƙe birki, mu ga allon. Yauwa. Kun ga har tsakuwar da ke ƙasa ta fito.