Amsoshin Tambayoyinku: 'Yan shila da kurciya

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Yau wasiƙun masu kiwon tantabara ne suka cika mana tebur.

Ta farko daga wani bawan Allah ce a wani ƙauye kusa da Gaya. Ya ce ranar Juma'a ya je kasuwar Wudil ya sayo manyan tantabaru, mace da namiji, ya kulle su mako guda yana zuba musu gero, ranar da ya buɗe suka tashi, har yau shiru. Yana tambaya ko asiri aka yi masa.

Malam, babu wanda ya yi maka komai. Gida suka koma. Babbar tantabara ba ta manta inda ta fara tashi, ko da an yi tafiya mai nisa da ita a cikin kwando. In za ka sake saye, nemi 'yan shila masu mako 4 zuwa 5, waɗanda suka fara tsattsagar hatsi da kansu amma ba su taɓa kewaya sama ba. Su gidanka ne gidansu na fari. In kuwa manyan ka fi so, kada ka sake su sai sun yi ƙwai sun ƙyanƙyashe, domin 'ya'yan ne za su riƙe maka su. Masu fige musu fiffike jinkiri kawai suke saye: cikin kamar mako 6 gashin ya fito, kafin nan kuma ka miƙa wa muzuru tsuntsun da ba ya iya gudu.

Sai wasiƙar wani ɗan makaranta daga wajen Ringim, wadda zan ɗan daɗe a kanta. Tantabararsa ta ƙyanƙyashe kwana 3 da suka wuce, yana so ya ɗauke ɗaya ya raine shi da hannu don ya saba da shi, ya riƙa sauka a kafaɗarsa.

Ɗana, ka bar shi tukuna. Tantabara ƙwai 2 take yi, uwa da uba su yi ta karɓa-karɓar kwanci har kwana 18, namiji da rana, mace da dare. In an ƙyanƙyashe, abin da suke ɗura wa 'ya'yan a kwanakin farko ba hatsi ba ne. Wani farin abu ne mai kauri kamar kindirmo, da ke fitowa daga jakar abincin da ke ƙasan wuyansu, kuma uban ma yana yin sa. Babu kunun da zai maye gurbinsa. Ɗan da aka raba da shi a makon farko da wuya ya kai labari.

Sabo kuma ba ya buƙatar a raba ɗa da uwa. Daga kwana 10 ka riƙa ɗaukarsa kullum na ɗan lokaci, ka tallabe shi da hannu biyu, ka mayar. Idan ya kai mako 4 ya fara ci da kansa, sai ka jawo shi da abinci. Abinci sau biyu, safe da yamma, kada a bar tulin hatsi a ƙasa yini guda. Duk lokacin da za ka ba shi, ka kaɗa gero a gwangwani ko ka yi fito iri ɗaya, ka buɗe tafin hannu ka zauna shiru. Kada ka cafko shi ta sama, don haka shaho ke yi masa. Tantabarar da ta ƙoshi tun safe ba ruwanta da kiran kowa.

In dai uwar ta mutu dole ta sa ka ciyar da shi da hannu, to ka sani ɗan shila ba ya wangame baki kamar 'ya'yan sauran tsuntsaye, cusa bakinsa yake yi cikin na iyayensa ya zuƙa. Ka dama garin gero da na wake da ɗan ɗumi, ka zuba a sirinji da aka yanke wa kai, ka rufe da ƙyalle mai ƙaramar huda, ya cusa baki ya sha. Kada a tsiyaya masa ruwa a baki, yana iya bi ta hanyar numfashi. Kada a ƙara masa sai jakar wuyan ta saki. Abin nan da yara ke yi na tauna hatsi su ba shi baki da baki, a daina, akwai cutar da tsuntsu ke sa wa mutum.

Wata Hajiya daga Ɗambatta ta ce jikokinta sun kwaso 'ya'yan kurciya daga kan darbejiya, ko za su zauna kamar tantabara? Hajiya, ni dai ban goyi baya ba. Kurciya da hasbiya tsuntsayen daji ne, ko sun tashi a hannu, ranar da fiffike ya yi ƙwari sai dai a tsare su a keji. In sheƙar na nan, a mayar da su yau, uwar za ta karɓa. Cikin mako 2 zuwa 3 'ya'yan kurciya ke barin sheƙa.

Ta ƙarshe ta zo daga Maigatari: 'yan shila na mutuwa da wani abu rawaya a maƙogwaro. Wannan cuta ta ruwan sha take yaɗuwa, iyaye kuma su ɗura wa 'ya'ya. Kada a ƙanƙare shi, jini zai yi. A ware marasa lafiya, a wanke kaskon ruwa kullum, a je wajen malamin dabbobi ya ba da magani, a haɗa har da iyayen.

Sauran wasiƙun sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.