Kalmar Yau: Groan, Nishin Mai Jin Ciwo

Assalamu alaikum, masu kallo. Duk wanda ya taɓa kwana jinya a asibiti ya san wannan sautin. Dare ya tsala, ɗaki ya yi tsit, sai ka ji wani daga gadon can lungu yana nishi. Ba magana yake ba, ba kuma ihu ba, sauti ne mai nauyi da ke fitowa daga ƙirji. Shi Bature ke kira groan.

Ana rubuta ta g, r, o, a, n. A kunne ba ta da bambanci da grown, wato wanda ya girma, sai dai jimla ta nuna muku wacce ake nufi. Tana zuwa a matsayin aiki, tana kuma zuwa a matsayin suna. He groaned in pain: ya yi nishi don azabar ciwo. She let out a groan: ta saki wani nishi.

Tsohuwar kalma ce, ta haura shekara 1,000 a bakin mutanen Ingila, kuma masana asalin kalmomi na danganta ta da grin, wato yaƙe haƙora. Ku tuna fuskar wanda ake yi wa ɗori, za ku ga inda suka haɗu.

Ba ciwon jiki kaɗai ba ne. Malami ya ce gobe akwai jarrabawa, aji ya ɗauki "wash!" gaba ɗaya, nan ma the class groaned. Har abin da ba shi da rai ana ara masa ita: tebur da aka cika da abinci, sai a ce it groaned under the weight, kamar yana nishi don nauyin kaya.

Inda ɗalibai suka fi rikicewa shi ne tsakaninta da moan. Ita moan ta fi tsayi da laushi, mutum na jan ta a hankali. A Birtaniya kuma tana nufin mita: stop moaning, daina ƙorafi. Ku yi hattara da ita a cikin jama'a, don tana ɗaukar ma'anar nishin daɗi. Wail kuwa kururuwa ce irin ta gidan makoki, whimper kuma kuka ne ƙasa-ƙasa, kamar na ɗan kwikwiyo.

Abin da ya sa na damu ku riƙe wannan kalma shi ne asibiti. A 1974, likitoci biyu a Jami'ar Glasgow, Graham Teasdale da Bryan Jennett, suka fito da ma'aunin gane yadda hankalin wanda ya bugu a ka yake. A ɓangaren magana, maki 5 na wanda ke amsawa daidai ne, maki 1 na wanda bai ce uffan ba. Wanda nishi kawai yake yi, babu kalma ko ɗaya, maki 2 ake ba shi. To idan kuka kai ɗan uwa da ya yi hatsari, likitan kuma ba ya jin Hausa, ya tambaye ku ko yana magana, ku ce masa: no, he is only groaning. Nishi kawai yake yi.