Amsoshin Tambayoyinku: Lufa, Abokin Atisayen Mai Jita

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Daga nan Accra muke gabatar muku da amsoshin tambayoyinku, kuma saƙonnin wannan mako sun karkata ne kan lufa, ƙaramar na'urar nan da mai jita ke takawa da ƙafa, ta naɗi abin da ya kaɗa, ta riƙa maimaita shi ba tsayawa.

Wani matashi daga Nima ya rubuto cewa: "Ina tara kuɗin lufa, amma an ce mini abin wasa ne, bayan wata biyu zan ajiye ta. Gaskiya ne?"

Ƙanena, wanda ke ajiye ta shi ne wanda ya saye ta don tara sauti bisa sauti kawai. Babban amfaninta shi ne tana sa ka ji kanka. Yayin da kake kaɗawa hankalinka na kan yatsu, kunne ba ya kama kuskure sosai. Ka naɗi kod huɗu (kod shi ne sautin tsirkiyu da yawa da aka kaɗa tare), ka ɗora jitar a cinya, ka saurara har zagaye biyar. A nan za ka ji inda kake gaggawa, da inda tsirkiya ke ƙara saboda ba ka danne ta da kyau ba. Idan bai zauna ba, goge ka sake. Idan ya zauna, sai ka hau kansa da karin waƙa.

Aikin kuma yana girma tare da kai. Mai koyo zai yi atisayen canza kod. Bayan shekara, sai ya naɗi layin bes, wato sauti mai kauri, a manyan tsirkiyu ya bi shi. Wanda ya ƙware kuwa zai koyi abin da kiɗan jita na hailaif, salon kiɗan Gana, ya ginu a kai, wato jita biyu masu saƙa da juna, ɗaya na riƙe da kiɗa, ɗaya na amsawa, ba tare da ya jira abokin kiɗa ya samu lokaci ba. Don haka ka saya, amma mai sauƙi. Ditto ta kamfanin TC Electronic mataki ɗaya gare ta da abin murɗa ƙara ɗaya, tana ɗaukar minti 5. Boss RC-1 na ɗaukar minti 12. Zagayen atisaye da wuya ya wuce daƙiƙa 30, saboda haka kowacce ta ishe ka shekaru.

Wata 'yar'uwa daga Madina ta ce duk zagayen da ta naɗa yana yin tuntuɓe a wurin da ƙarshe ya haɗu da farko.

'Yar'uwa, matsalar a ƙafa take. Yawanci ana taka matakin ne da zarar an gama kod na ƙarshe, alhali wurin takawa shi ne bugun "ɗaya" na zagaye na gaba. Ki fara kaɗawa tun kafin naɗi, ƙafarki na bin bugu a ƙasa. Ki yi zagaye ɗaya a banza, a "ɗaya" ki taka. Ki kaɗa har ƙarshe, kada hannu ya tsaya, ki sake takawa daidai lokacin da kike buga kod na farko karo na biyu. Ki taka da kaifi, sau ɗaya, domin danna matakin a riƙe yana soke ɗorin ƙarshe ne, wato sautin ƙarshe da kika ɗora bisa na farko, taka biyu a jere kuma tsayarwa ce. Ki kuma taƙaita ɗori: kiɗa, bes, da karin waƙa, kowanne a nasa ɓangaren wuyan jita. Idan suka taru wuri guda, ƙaramar amfilifaya sai ta cakuɗa su.

Wani malami daga Sabon Zango, mai kiɗa a wuraren biki, yana tambaya ko zai iya hawa dandamali da ita tare da mai ganga.

Malam, idan kai kaɗai ne, ko kai da mawaƙi, tana yin aikin mutum biyu. Da mai ganga kuwa sai an yi hattara, don lufa ba ta jin kowa. A gudun bugu 120 a minti, zagaye mai bugu 16 daƙiƙa 8 ne. Idan ka makara da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, bayan zagaye 10 kun rabu da mai ganga da daƙiƙa guda, wato bugu biyu cur. Dole shi ne zai bi lufar, kuma sai an ajiye masa lasifika kusa da kunnensa. Ka sa ta a ƙarshen jerin na'urorinka, don abin da ka naɗa ya tsaya yadda yake ko ka sauya sauti. Lokacin gwajin sauti kaɗai za ka mai da ita farko, ka bar ta tana kaɗawa, ka sauka cikin fili ka ji abin da jama'a za su ji. Mai son ajiye kiɗa da yawa ya nemi Boss RC-5, tana da ma'ajiya 99.

Saƙo na ƙarshe daga Mamobi: me ke kashe lufa?

Wuta ce kan gaba. Waɗannan na'urori bolt 9 suke ci, kuma tsakiyar bakin adafta dole ta zama nagetif. Adaftar wani rediyo na iya shiga ramin daidai alhali ta juye ne, ta ƙona na'urar. Wutar Gana bolt 230 ce, don haka duk adaftar da aka aiko daga Amurka a karanta jikinta tukuna, wasu 120 kaɗai suke ɗauka. In an ɗauke wuta a zare, kada dawowarta ta same ta a jone. Ditto ba ta da gurbin batir, RC-1 na da shi, sai dai awoyi kaɗan yake yi, kuma ba a barin sa ciki idan za a daɗe ba a taɓa ba. Idan kun ji tsuwa a amfilifaya, ku ba lufar adaftarta ita kaɗai. Iskar teku kuma na sa bakin waya tsatsa, ƙurar hunturu na shiga matakin, saboda haka a goge da busasshen ƙyalle a mayar cikin jaka bayan kowane kiɗa.

Sauran saƙonninku sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.