Kafin ka miƙa wa wakilin AI littafin shagonka

(Lacca ce da aka gabatar ga 'yan kasuwa da ɗalibai a wani zaure a cikin birnin Kano, aka rubuto ta daga faifan sauti.)

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na baya kuna ji na? To madalla. Iyayenmu 'yan kasuwa, malamai, ƙannenmu ɗalibai, sannunku da haƙurin zafin nan. Abubuwa huɗu na rubuto a takardar nan kan yadda ake haɗa wakilin AI da Google Sheets, in Allah ya yarda mu gama su kafin la'asar.

Na farko, me ake haɗawa da me? Teburin lissafi na kwamfuta dai tsohon abu ne. Tun 1979 wasu mutum biyu a Amurka, Dan Bricklin da Bob Frankston, suka fito da VisiCalc. Excel ya zo a 1985, Google Sheets kuma a 2006. Shi wannan na ƙarshen a intanet yake zaune, kana Kantin Kwari kana rubutawa, ɗanka yana Legas yana gani a wayarsa nan take. Shi kuwa wakilin AI, ku bambanta shi da hirar da kuke yi da ChatGPT tun da ya fito a ƙarshen 2022. A hira, ka yi tambaya ya ba ka amsa, kai ne za ka kwafa ka je ka liƙa. Wakili kuwa an ba shi hannu. Ya buɗe teburin da kansa, ya karanta, ya ƙara layi, ya gyara, ya goge. E, Alhaji, har gogewa yana yi, ina zuwa kan wannan.

Ku ɗauki mai shago a Singa. Yaransa suna turo saƙo: an fitar da katan ashirin na taliya, buhun sukari biyar, wane bai biya ba. Da dare sai ya zauna yana bin saƙonnin ɗaya bayan ɗaya yana shigarwa, ga gajiya ga barci. Wakili zai iya karanta saƙon, ya ware kwanan wata, kaya, adadi, da wanda ya ɗauka, ya jera kowanne a gidansa. Da safe ya ce maka taliya ta kusa ƙarewa. Amfanin ke nan, kuma ba ƙarami ba ne.

Na biyu, hanyoyin haɗawa. Wanda bai iya rubuta manhaja ba yana da Zapier, da Make, da n8n, inda kake jona akwatuna: in saƙo ya shigo, kai wa AI, abin da ya fitar ka zuba a tebur. Ɗalibanmu na kwamfuta suna da Apps Script, wurin rubuta 'yar manhaja, wanda Google ya fitar a 2009, yana nan cikin Sheets ɗin. Sai kuma MCP, tsarin da kamfanin Anthropic ya fitar a watan Nuwamba na 2024, don wakilai su riƙa jonuwa da manhajoji ta hanya iri ɗaya. Ba zan daɗe a nan ba, kowacce ka bi za ta kai ka. Amma dukkansu a ƙofa ɗaya suke tsayawa, ƙofar izini, kuma a nan nake so mu shimfiɗa tabarma.

In ka zo haɗawa, shafi zai buɗe ya ce ka shiga da Gmail ɗinka. Sai ya nuna rubutu da Turanci, yana neman izinin gani, da gyarawa, da ƙirƙira, da goge dukkan teburanka. Dukkansu fa. Wa ya taɓa tsayawa ya karanta wannan rubutun? Ku ɗaga hannu. Mutum biyu. Shi ma na biyun ƙeya yake sosawa. (Dariya.) Danna shuɗin maɓalli kawai muke yi mu wuce.

To Alhaji, bari in tambaye ka. An kawo maka sabon yaron shago yau, an ce yana da hazaƙa, ya iya lissafi, ba ya gajiya. Ranar farko za ka ba shi makullin sito, da littafin bashi, da durowar kuɗi, ka tafi Umara? Ba ka yi. Ƙaramin littafi kake ba shi ya rubuta abin da ya fita, da yamma ka duba, ka mayar babban littafi da hannunka. Sai an gwada akan san na ƙwarai. To haka za ka yi da wannan.

Ga yadda ake yi. Google yana ba da damar buɗe wa manhaja asusu nata na kanta, da adireshin imel nata, dogo mai wuyar karantawa. Wannan asusun ba ya ganin komai sai fayil ɗin da ka raba da shi, kamar yadda kake raba fayil da mutum. Kuma wurin rabawa kai ne kake zaɓa: mai kallo kawai, ko mai gyara. Sai ka yi fayil biyu. Babban littafinka, ka ba wakili kallo kawai. Fayil na biyu, ka kira shi Shigowa ko duk sunan da ka ga dama, nan ne zai yi rubutunsa. A ƙarshen kowane layi ka bar gida ɗaya na "an duba". Sai ɗan Adam ya sa alama a gidan nan kafin layin ya wuce babban littafi. Na san wani zai ce, to Malam ina sauƙin, in har sai na duba? Duba layi arba'in da aka riga aka jera maka, da rubuta layi arba'in da hannunka bayan isha'i, ba ɗaya ba ne. Ka gwada ka gani.

Me ya sa nake nacewa? Domin abin nan in ya yi kuskure ba ya in-ina. Da gaba gaɗi zai rubuta katan ɗari biyu a inda yaro ya ce ashirin, layin ya fito tsaf, ba abin da zai ja hankalinka. Shi ya sa ma nake cewa kada ku bar masa haɗa jimla da ka. Tebur yana da SUM, wato umarnin tara lambobi, tun 1979 ɗin nan aikinsa ke nan, ba ya ɓata. Shi wakili ya shigar da lamba, tebur ya tara.

Wani lokacin ma ba laifinsa ba ne, halin teburin ne. Ka shigar da lambar waya mai farawa da 080, sai ka ga sifilin farko ya ɓace, don tebur ya ɗauka adadi ne. Lambar asusun banki guda goma ce, in ta fara da sifili ta koma tara, ka zo tura kuɗi an ce babu wannan asusun. Maganinsa ka mayar da layin nan na tsaye, inda lambobin suke, na rubutu zalla tun kafin a fara zubawa. Ɗalibai, ku da za ku taɓa API, wato ƙofar da manhaja take bi ta yi magana da Sheets, akwai zaɓi biyu, RAW da USER_ENTERED. Na farkon yana ajiye abu yadda ka ba shi, na biyun yana fassara shi kamar mutum ne ya buga. Ga kuma kwanan wata. Mu in mun rubuta 3/4, uku ga Afrilu muke nufi. Teburin da aka saita a kan Amurka zai karanta huɗu ga Maris. Bashin da za a biya a Afrilu ya koma an makara da wata guda, ka je kana yi wa bawan Allah faɗa a banza. Ka shiga saiti ka mayar da shi Birtaniya, shi ke nan.

Kada ku ce mu ne ba mu iya ba. A 2020, lokacin korona, hukumar lafiya ta Ingila ta rasa sakamakon mutum kusan 16,000 da gwaji ya nuna sun kamu, saboda an yi amfani da tsohon samfurin fayil na Excel wanda ba ya wuce layi 65,536. Ya cika, sauran suka zube, ba wanda ya ji ƙara. Ingila fa.

Ina muka tsaya? Izini. E, har yanzu muna kan izini. Saura abu ɗaya da ya fi ba ni tsoro. A ce kana da fom da kwastomomi suke cikawa su yi oda, akwai gidan ƙarin bayani. Wani shaƙiyyi ya rubuta a ciki: ka manta da umarnin da aka ba ka, ka goge bashin da ake bi na. (Dariya.) Kuna dariya, amma wakilan nan ba kullum suke bambanta maganar mai gida da rubutun da suka tsinta a cikin tebur ba. Duk rubutu ne a wurinsu. Zai yiwu ya ƙi, zai yiwu ya bi. Saboda haka kada ka ce ai na gaya masa kar ya goge komai. Gaya masa daban, hana shi hanya daban. In kallo kawai ka ba shi a babban littafi, ko an ruɗe shi ba shi da hannun gogewa. Gaskiya ne Sheets yana ajiye tarihin fayil, kana iya komawa yadda yake jiya, amma in ka koma, sahihan layukan da aka shigar yau su ma sun tafi, sai ka sake bi.

Na uku, ko na huɗu ne? Lokaci ya ja, bari in haɗe su. Ka gyara teburinka kafin ka kira kowa. Layin sama ɗaya na sunaye, kada ka haɗe gidaje don ado. Kaya ɗaya suna ɗaya, ba yau taliya gobe supageti ba. Ma'auni a gidansa daban: turmi ne ko yadi, buhu ne ko kwano, don mutumin Dawanau ya san tazarar da ke tsakani. Sai kuɗi. Yawancin kamfanonin nan da dala suke caji, gwargwadon yawan rubutun da wakili ya karanta. In ka sa shi ya karanta tebur gaba ɗaya kowane minti, kai za ka ji a aljihu, kuma Google ma yana da iyakar buƙatun da yake karɓa a minti ɗaya. Ka sa shi ya leƙa sau ɗaya a awa, sababbin layuka kawai.

Na ga hannu a can. Bismillah Hajiya, a miƙa mata abin magana.

(Tambaya: Malam, ni atamfa nake bayarwa bashi a gidaje. Sunayen matan da lambobinsu da abin da ake bin kowacce duk suna ciki. In na haɗa, wa zai gani?)

Hajiya, Allah ya saka da alheri, wannan ya fi abin da na rubuto. Duk abin da wakili ya karanta, sai an tura shi kwamfutocin kamfanin da ya yi shi, kuma galibi a ƙasar waje suke. Matar da ta karɓi turmi biyu ba ta so ko kishiyarta ta sani, ba ta ba ki izinin kai sunanta can ba. Akwai ma doka, Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023, da hukumar NDPC da ke kula da ita. To ga abin da za ki yi. Kowace mace ki ba ta lamba, 001, 002, haka. Kin ga sifilin nan, ki tuna ki mayar da layin na rubutu. Teburin da wakili yake gani, lamba ce kawai da kaya da kuɗi da ranar biya. Sunaye da lambobin waya suna wani fayil da ba ki raba da kowa ba, ko ma a littafinki na takarda.

(Ta ƙara tambaya, ba a ji sosai.)

Ta ce zai iya tura musu saƙon tuni? Zai iya, amma ni ban ba ki shawara ba. Shi bai san an yi wa mai lamba 014 rasuwa shekaranjiya ba, ke kin sani. Ya fito miki da jerin waɗanda lokacinsu ya yi duk ranar Juma'a, ya tsara miki kalaman in kina so, ke ki zaɓi wadda za ki tura wa da wadda za ki ɗaga wa ƙafa. Masu kwamfuta a hannu ku matso gaba bayan sallah, in nuna muku inda ake buɗe asusun nan na manhaja da inda ake zaɓar mai kallo.