Yadda Ake Karanta Asusun Reshen Ƙungiyar Ƙwadago a Amurka

Jama'a barkanmu da warhaka. A Amurka, reshen ƙungiyar ƙwadago da ke da mambobi a kamfanoni masu zaman kansu dole ne ya bayyana wa hukuma kuɗin da suka shigo masa da inda suka tafi, duk shekara. Kowa kuma na iya duba rahoton kyauta a shafin intanet na Ma'aikatar Ƙwadago.

Dokar da ta tilasta haka an kafa ta a 1959, bayan kwamitin Sanata McClellan ya tono badaƙalar kuɗi a wasu ƙungiyoyi, musamman Teamsters ta direbobin manyan motoci. Bisa ma'aunin da aka sa a 2003, reshen da kuɗin shigarsa suka kai dala 250,000 a shekara yana cike fom mai suna LM-2. Ƙananan rassa suna cike LM-3 ko LM-4, masu sauƙi. Wa'adi kwana 90 ne bayan rufe shekarar kuɗi, kuma shugaba da ma'aji ne ke sa hannu. Ƙungiyar da mambobinta duka ma'aikatan gwamnatin jiha ko ƙaramar hukuma ne, dokar ba ta hau kanta ba, don haka kada ku sha wahalar neman fom ɗinta.

Yawancin masu buɗe fom ɗin LM-2, albashin shugaba suke fara nema. Ku dakata tukuna, ku fara da jadawali na 13, wato adadin mambobi. An kasa su gida-gida, domin mai ritaya da ɗan koyo ba lallai su biya abin da cikakken ma'aikaci ke biya ba. Reshe na iya cewa yana da mutum dubu uku, alhali ɗari takwas daga ciki sun ajiye aiki.

Ga lissafi na misali. A ce mambobi 2,000 ne, kowa na biyan dala 50 a wata. A shekara an tara dala 1,200,000. Amma ba duka ke zama a reshe ba. Uwar ƙungiya tana karɓar kasonta a kan kowane mamba, a ce dala 15 a wata, wato dala 360,000. Saura 840,000. Da wannan za a biya haya, lauyoyi, ma'aikatan ofis da asusun yajin aiki. Idan shugabanni uku na ɗaukar dala 100,000 kowannensu, a ido rubu'in kuɗin shiga ne, amma a zahiri sun haura kashi ɗaya bisa uku na abin da ya rage a hannu.

To, a ce an rufe masana'anta ɗaya, mambobi 400 sun tafi. Bayan cire kason uwar ƙungiya, reshe ya rasa dala 168,000 a shekara, albashin kuwa yana nan daram. Yanzu ya kusa kashi 45 cikin ɗari. Shi ya sa fom ɗin shekara ɗaya bai isa ba, ku jera na shekara biyar. Ƙara kuɗin wata-wata kuma ba a bakin shugaba yake ba, sai mafi rinjayen mambobin da suka kaɗa ƙuri'a sun amince ta ƙuri'ar sirri.

Yanzu jadawali na 11, inda aka jera shugabanni da sunayensu. Akwai gurbin albashi, na alawus, na kuɗin da aka kashe wajen aikin ƙungiya kamar tikitin jirgi da masauki, na sauran biyan kuɗi, sannan jimilla. Wanda ya ɗauki jimillar ya ce ita ce albashi, ya zalunci shugaban da ke yawan tafiya sasanta rikici. Ta ɗaya gefen kuma, jimillar na iya gaza gaskiya. Kuɗin fansho da inshorar lafiya galibi a dunƙule suke a jadawali na 20. Mutum ɗaya kuma yana iya riƙe kujera a reshe da wata a uwar ƙungiya, kowace da albashinta da fom ɗinta. Ku nemi sunansa a duka biyun. Jadawali na 12 na ma'aikatan ofis ne da suka karɓi fiye da dala 10,000, kuma idan sunan iyali ɗaya yana ta maimaituwa a can, tambaya ta halatta.

Ina ɓarna ke shigowa? Ba kasafai take zuwa ta albashi ba, tunda shi a fili yake. Ta katin bashi na ƙungiya take zuwa, wanda ba a neman rasit a kansa. Ko ta cekin da ke buƙatar sa hannun mutum biyu, amma na biyun ya sa wa hannu tun babu komai a rubuce, wai don kada a ɓata lokaci. Ko ta kuɗin diyyar awannin da wakili ya bar aikinsa don hidimar ƙungiya, alhali kamfani ya riga ya biya shi awannin. Doka ta hana bai wa shugaba rancen da ya wuce dala 2,000, ta kuma wajabta inshorar amana, wadda ke mayar wa ƙungiya kuɗinta idan an ci amana, a kan masu taɓa kuɗi, aƙalla kashi 10 cikin ɗari na abin da ya bi ta hannunsu a bara, iyaka dala 500,000. Satar kuɗin ƙungiya na iya kai mutum kurkuku har shekara biyar.

Giɓin shekara ɗaya ba lallai sata ba ne. Fom ɗin yana bin kuɗin da suka shiga ko suka fita ne a shekarar, don haka sayen gini ko dogon yajin aiki kan nuna giɓi babba. Ku duba kadarori da basussuka a farkon shekara da ƙarshenta.

Idan lissafin bai gamsar da mamba ba, yana da haƙƙin neman ganin takardun da aka gina rahoton a kansu muddin ya kawo ƙwaƙƙwaran dalili, kuma reshe dole ya adana su shekara biyar. Zaɓen shugabannin reshe kuwa, ta ƙuri'ar sirri ake yi, aƙalla sau ɗaya a shekara uku.