Garin da fadama ke wanke masa ruwan masai

Ku kwatanta wani ruwan fadama a ranku. Agwagin daji na iyo a cikinsa, mutane na zagaya gefensa da sassafe suna motsa jiki. Makonnin baya kaɗan, ruwan banɗaki ne da na wanke-wanke.

Nan garin Arcata ne, a arewacin jihar Kalifoniya ta Amurka. Mutanensa ba su kai 20,000 ba, kuma yana bakin mashigin teku na Humboldt, inda ake kiwon wata halittar ruwa mai ɓawo, dangin ƙumba, wadda ake ci, sau da yawa ma ɗanya. Ita wannan halitta tace ruwa take yi ta samu abinci. Duk cutar da ta shigo ruwan, a jikinta take taruwa, daga nan sai cikin mai ci.

Akwai wata ɓarnar da ido ba ya gani. In ƙazanta ta faɗa ruwa, ƙwayoyin halitta sukan taso su cinye ta, amma garin cin sai su zuƙe iskar oksijin da kifi ke shaƙa. Shi ya sa za ka wayi gari ka ga kifaye sun taso sama, a mace, alhali ba wanda ya zuba guba.

A 1972 Amurka ta kafa dokar tsabtar ruwa. Aka so Arcata ta shiga wani babban aikin haɗin gwiwa na tace ruwan masai mai tsada. Garin ya ƙi. Da shawarar malaman jami'ar Humboldt, George Allen da Robert Gearheart, suka koma ga fadama, aka kammala aikin a 1986, wani ɓangarensa ma a kan tsohuwar bola.

To, mu bi ruwan. Da ya fito daga bututu, sai ya bi ta rariyar ƙarfe, ta tare tsumma da leda. Yashi ya kwanta. A wani babban tanki a bar shi ya natsu, lakar ta sauka ƙasa, a kwashe ta, daga baya ta zama taki.

Sai manyan kududdufai, kuma a nan aikin yake. Ba inji ke yin sa ba. Rana ta haska, gansakuka ta fitar da oksijin, ƙwayoyin halitta su shaƙa su ci ƙazantar. Wato yunwar nan da za ta kashe kifi a teku, an sa ta ƙoshi tun a cikin gida. Ruwan yakan yi makonni a nan, ya koma kore shar.

Daga nan ya shiga fadama. Ciyawar da ke cikin fadamar nan, mutanen Haɗeja da Nguru sun san ta sarai: kacalla ce, wadda ta toshe musu hanyoyin ruwa ta cinye gonaki. A can annoba ce, kuma kukansu gaskiya ne. A nan kuwa an yi mata iyaka an ba ta aiki. Inuwarta tana hana gansakuka yaɗuwa, kararenta na rage wa ruwa gudu har sauran datti ya kwanta, ƙwayoyin da ke manne a jikinta kuma su ci abin da ya saura.

Kada a ɗauka fadama kaɗai ta isa. Sai an kashe ƙwayoyin cuta tukuna, an auna ruwan an tabbatar ya cika sharaɗin hukuma, sannan a sake shi cikin mashigin. Fadamar da ya bari a baya kuwa, an ƙirga tsuntsaye iri sama da 300 da suka taɓa sauka a cikinta.