Wane Mai Ya Dace Da Jaket Ɗin Fata? Mu Zaga Ƙofar Wambai Da Kurmi

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Waɗanda suka saba gani na a dunƙule cikin sanyin Manchesta, yau ga ni a gida, a Ƙofar Wambai. Wannan hazon da kuke gani a bayana hunturu ne ya kankama, kyamarar lafiyarta ƙalau. Tun ina can saƙonni suke shigo mini a kan magana ɗaya: Yaya, na sayi jaket ɗin fata, ta fara bushewa, wane mai zan shafa mata? Na bar amsar sai na zo, domin abin da ke kashe fata a Ingila daban, abin da ke kashe ta a Kano daban.

Mu fara daga layin 'yan gwanjo, tunda a nan yawancinmu muke saye. Kafin ka kashe ko sisi a kan mai, ka tabbatar abin da ke hannunka fata ne. Da yawa daga jaket ɗin da ke rataye a nan roba ce aka shimfiɗa a kan yadi. Duba wannan: wuyanta ya fara ɓarewa, ana ganin zaren ƙasa. Babu man da zai dawo da ita, ko daga ina aka kawo shi. Fata ta gaskiya ba ta ɓarewa haka. Nemi bakin ɗinki daga ciki, za ka ga bayanta da ɗan gashi-gashi, ka shinshina ka ji warin fata. Sannan ga wani abu da ya shafe mu mu Musulmi: wasu jakunkuna da takalman waje da fatar alade ake yi musu shafi daga ciki. Ana gane ta da 'yan ramukan gashi da ke zaune uku-uku a wuri ɗaya. A riƙa dubawa.

To ku biyo ni majema, ba nisa. Wanda bai taɓa zuwa ba, warin ne zai fara yi masa maraba. Baba, sannu da aiki, Allah ya taimaka. Kun ga waɗannan ramuka? A nan ake tsoma fatar akuya da ta tunkiya a ruwan toka har gashin ya saki, a kankare, sannan a jiƙa ta a ruwan bagaruwa. Bagaruwar ce ke mayar da ɗanyar fata jemammiya wadda ba ta ruɓewa. Jan launin nan kuwa da muke gani a jikin tim-tim da kube, na karan dafi ne. Wannan fatar, ta jar akuyar Sakkwato, ita ce fatake suka riƙa ketare Sahara da ita, Turawa suka saye ta a hannun Larabawan arewacin Afirka, har suka laƙaba mata sunan Maroko. Da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, takalma da jemammun fatu suna cikin manyan hajojin da ya tarar birnin nan yana fitarwa. Ina faɗin haka ne saboda yana yi mini ciwo in shiga shago a Turai in ga jaka da tsadar fitar hankali, alhali mu da muke da majema da masana'antun Challawa da Sharaɗa, namu kayan muna barin su su bushe a kan ƙusa.

Na tambayi Baba da me yake gama fatarsa, ya nuna mini man gyaɗa. A nan ne mutane ke ruɗewa, su ce tunda majemi na shafa man gyaɗa, ni ma bari in shafa wa jaket. A'a. Fatar Baba ta bagaruwa ce, jikinta a buɗe yake, kuma tana da sauran danshi lokacin da yake sa man, ɗan kaɗan, ya yi ta murzawa yana ja har ya shige cikin tsokarta. Jaket ɗinka kuwa, kusan duk da sinadarin da ake kira gishirin kurom aka jeme ta a masana'anta. Idan ka sami wurin da aka yanka, sau da yawa za ka ga tsakiyar da launin toka mai ratsin shuɗi. Bayan haka an yi mata fenti, an rufe da wani siririn shafi. Ka zuba mata man girki, a sama zai tsaya, ƙurar hunturu ta manne, zafin bazara ya zo man ya lalace ya fara wari. Man zaitun ma haka. Basilin yana ba da sheƙi na ɗan lokaci, ya bar ta tana danƙo. Kiwi kuma na takalmi ne, ka sa wa jaket, farar shaddarka da kujerar mota su za su kwashe.

Saboda haka gwajin farko shi ne na ruwa. Ɗiga ɗigo ɗaya a wurin da ba a gani. In ya shige nan take ya bar duhu, fatar a buɗe take, duk abin da ka shafa za ta sha kuma za ta ƙara duhu. In ya tsaya kamar ƙwallo a sama, tana da shafi, mai marar nauyi take so.

Ga abin da na zo da shi a jaka. Jaket mai laushi ta fatar ɗan rago, irin wadda ake kawowa daga Turkiyya, na fi yarda da mai ruwa-ruwa kamar madara. Lexol da Bick 4, dukansu na Amurka, irin wannan ne, kuma Bick 4 an san shi da rashin sauya launi, don haka shi nake ba mai jaket ruwan ƙasa ko mai haske. Saphir na Faransa yana da kyau ƙwarai a kan takalmi da jaka, sai dai kuɗinsa. In ba ka sami ko ɗaya ba, karanta bayan kwalba ka nemi lanolin, wato maiƙon da ake tacewa daga gashin tumaki. Akwai kuma masu nauyi: man ƙashin ƙafar shanu, wanda za ka ga an rubuta neatsfoot, da man dabbar mink. Waɗannan na ƙirgi ne mai kauri, sirdi, linzami, takalmin aiki. Suna sa fata ta yi duhu sosai, kuma in ta yi ba ta komawa. Siririyar jaket in ta sha su sai ta saki jiki, kafaɗa ta zube.

Na gida fa? Man kaɗe mai kyau, a narka shi da ɗan kakin zuma, yana yi wa kayan dukawa aiki sosai: alabe, zabira, takalmin fata, tim-tim. Ya fi man gyaɗa jure ajiya, kakin kuma yana tare ruwa. Ni dai ba na sa shi a jaket mai shafi, yana yi mata nauyi.

Yadda ake shafawa ya fi sunan kwalbar muhimmanci, musamman a garin nan. Fara goge ƙura da tsumma mai ɗan danshi, don in ka shafa mai a kan ƙura yashi kake murza wa fatar. Kada Omo ko sabulun salo su kusance ta, kaifinsu yana cinye maiƙon da ke ciki. Bar ta ta sha iska a inuwa. Gwada man a ƙarƙashin kwala, ka bar shi ya kwana, ka ga yadda launin ya yi. In ya yi maka, ɗebi kaɗan a tsumma, kamar ƙwayar gyaɗa ga hannun riga guda, ka bi a hankali, ka fi ba da ƙarfi a gwiwar hannu, wuya da bakin aljihu, wuraren da ke lanƙwashewa. Washegari ka goge da busasshen tsumma. In ka taɓa ka ji maiƙo a yatsa, ya yi yawa.

Lokaci kuma shi ne abin da ya sa na ce sai na zo gida. A Manchesta ruwan sama ne ke jiƙa jaket, mutum ya rataye ta jikin na'urar ɗumama ɗaki, ta ƙandare. A Kano iskar ce da kanta. A Janairu da Fabrairu danshin iska yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, kuma yadda diddige ke faso a hunturu in ba a shafa masa mai ba, haka fata take tsagewa. Bambancin shi ne tsagar jaket ba ta warkewa. Don haka a shafa tun Nuwamba kafin iskar ta yi ƙarfi, a ƙara sau ɗaya idan sanyi ya wuce za a ajiye. Da damina kuwa a ɗaga hannu. A Agusta fumfuna ce abokiyar gaba, kuma fatar da aka cika wa mai ita ta fi kamawa. Kada a ƙulle jaket a leda. A rataye ta a hanga mai faɗin kafaɗa, a lulluɓa mata tsohon zane, a riƙa fito da ita tana shan iska. Mai laushin gashi-gashi da ake kira suwed, ita burushi kawai take so, mai ko kaɗan tabo zai bar mata.

Yanzu ga mu a Kurmi, kasuwar da ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, a ƙarni na 15. Wannan gafakar nake ciniki, ta fatar bagaruwa ce, ɗinkin hannu, zan tafi da ita Manchesta in sa wa yarana Alƙur'aninsu na Islamiyya. Malam, nawa ka ce gaskiyarta? To, Allah ya sa albarka. Ita man kaɗe da kaki zan shafa mata, kuma zan nuna muku yadda nake haɗa su a bidiyo na gaba. Wanda ke da jaket ɗin da ya rasa gane irin fatarta, ya ɗauki hoton bakin ɗinkin daga ciki, da hasken rana, ya turo mini. Sai mun haɗu, a gaida mutanen gida.